Ɓawon Lemo Ya Fi Ƙarfin Bola

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Hunturu ya kankama, kuma a wurina wannan ne lokacin aiki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Kano takan bushe ƙayau, da rana danshin da ke cikinta yakan sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100. Leɓe ya tsage, kaushi ya fito, kowa na mita. Ni kuwa wannan iskar nake jira duk shekara, domin a daidai lokacin ne manyan motoci ke ta sauke lemon Binuwai a Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa. Ga lemo ya yi araha, ga iska tana busar da komai kyauta, ba gas ba lantarki. Duk mai son mai da ɓawon lemo gari, in ya bari wannan dama ta wuce shi, sai kuma baɗi in Allah ya kai rai.

Sana'ata zoɓo ce da kunun aya, sai ɗan cincin da kek idan an ba ni aikin biki. Ta nan na shiga harkar. Mai zoɓo kullum cikin ɓawo take, na abarba, na lemo, na citta, kuma da sannu na gane cewa wani abin da nake sharewa ya fi filebon da nake saya a ƙaramar kwalba ƙamshi. Daga nan na fara shanya, na fara daka, na fara tambayar waɗanda suka fi ni sani. Abin da na fahimta shi ne, kyan gari ko lalacewarsa duk a wajen shanya ake yanke hukuncinsa. Turmi da blanda ba sa gyara abin da shanya ta ɓata.

Aikin dai ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Mun tashi mun tarar da kauɗa da busasshiyar kuɓewa da barkono da kuka a kowane madafi. Wanda ya yi ƙuruciya a ƙauye ya san garin ɗorawa mai rine baki da hannu, ya san goruba da ake gwaguya ko a daka, ya san magarya da kurna da ake tarawa a ajiye. Sai dai akasarin abin da iyayenmu suka riƙa busarwa ganye ne da kayan miya da 'ya'yan itacen daji, waɗanda dama ba su cika ruwa ba. Lemo da abarba da mangwaro kuwa, da yanzu ke zuwa mana tirela-tirela, ba mu gaji hanyar adana su ba. Shi ya sa duk wanda ya leƙa kasuwar kayan marmari a tsakiyar lokacin mangwaro zai ga tsibin ruɓaɓɓe, ƙudaje na bi. A shekarar 2011 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 45 cikin 100 na 'ya'yan itace da kayan lambun da ake nomawa a duniya asararsu ake yi. Wannan abu yana damuna ƙwarai, musamman in na tuna yawan gidajen da yaro zai yi wata bai sa ɗan itace a bakinsa ba.

Bari in fara da lemo, don shi ya fi sauƙi, kuma shi na fi so. Ki lura da yadda mai lemo ke feraye shi a bakin titi. Yakan bi da wuƙa ya zare siririyar fatar nan ta waje, doguwa ba tsinkewa, ya bar farin ɓawon ciki a jikin lemon don mai sha ya ji daɗin matsawa. To, siririyar fatar da yake zubarwa ita ce ke ɗauke da man lemo, wanda in an lanƙwasa ta yake fantsama a ido ya yi yaji. Ƙamshin lemo duk a nan yake. A ma'aunin ma'aikatar noma ta Amurka, giram 100 na ɗanyen ɓawon lemo yana da bitamin C miligiram 136, alhali tsokar da muke sha tana da 53, kuma faibar da ke cikin ɓawon, wadda ke taimaka wa hanji aiki, ta ninka ta tsokar kusan sau huɗu. Ba wanda zai zauna ya cinye giram 100 na ɓawo, gaskiya ne, amma lissafin ya isa ya nuna cewa ba shara ba ce. Kada kuma koren launin ya sa ki ɗauka lemon ɗanye ne. Namu yakan nuna yana kore saboda daren ƙasashen zafi ba ya yin irin sanyin da ke sauya launin fatar.

Akwai wani dattijo mai lemo a bakin layinmu, shi ke tara mini. Ranar da na fara aika masa da roba mai murfi, da kansa ya tako har ƙofar gida ya yi sallama.

"Hajiya, maganin sauro za ki yi? In shi ne, na jiya ma yana nan a buhu."

Na ce, "A'a Baba, ci za mu yi. Na yau nake so. Kuma ina neman alfarma, a riƙa wanke lemon kafin a feraye, a zuba ɓawon cikin robar nan kada ya taɓa ƙasa."

Ya yi jim, sannan ya ce, "Ikon Allah. To Hajiya, an gama."

Tambayarsa tana kan hanya, don mu iyakar abin da muka sani da busasshen ɓawon lemo ke nan, a barbaɗa a garwashi da magariba hayaƙin ya kori sauro. Wasu al'ummai kuwa sun daɗe da mai da shi dukiya. A ƙasar Sin, a gundumar Shinhui ta lardin Guwandon, ana busar da ɓawon tanjarin a ajiye shi shekara uku ko fiye, kuma tsadarsa na ƙaruwa da tsufansa. Da shi suke miya da shayi. Wadda ta yi aikin Hajji ko Umara, wataƙila ta ga baƙin lemon tsamin nan busasshe da Larabawa ke jefawa a shinkafar kabsa. Tafasa shi ake yi a ruwan gishiri, a shanya har ya yi baƙi, wasu su sa shi ɗungurungum, wasu su daka shi gari. Ko masana'antun jam, sinadarin fektin da ke sa shi kauri akasari daga ɓawon lemo da tukar tuffa ake tatso shi.

Ga yadda nake yi. Wanki ne farko, kuma ba na ɗaukarsa da wasa, domin duk abin da aka fesa a gona, da ƙurar mota, da dattin hannaye, a jikin ɓawo suke sauka. Mai shan tsoka ya tsira daga yawancinsu, mai cin ɓawo kuwa shi ya tare su gaba ɗaya. In ni zan feraye da kaina, nakan jiƙa lemon a ruwan ɗumi da ɗan bakin soda ko gishiri, in goge shi da sabon soso da na ware don wannan kawai, in ɗauraye da ruwa mai kyau. Lemon kanti mai ƙyalli da ake shigowa da shi daga waje ba na taɓa ɓawonsa, saboda yawanci an shafa masa kakin adanawa da maganin fumfuna don ya jure doguwar tafiya. Duk ɓawon da ya yi tabo ko ya fara laushi, a cire. Sauran a yayyanka ƙanana, a baza a faifai ko tire mai huji-huji, kada wani ya hau kan wani.

Sai shanya, inda nan ne maganar take. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa shanya ganyen kuka a tsakar rana ba. A rumfa take bazawa, tana cewa kukar inuwa ita ce koriya. Na girma kafin in san cewa masu bincike a ƙasar Mali sun auna wannan a shekarun 1990, suka tarar cewa ganyen kukar da aka busar a inuwa yana riƙe da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A kusan ninki biyu na wanda aka shanya a rana. Hukuncin ɗaya ne da 'ya'yan itace. Ruwa muke so ya fita, shi kaɗai. 'Ya'yan itace kashi 80 zuwa 90 cikin 100 ruwa ne, kuma ƙwayoyin cuta da fumfuna da ruwan nan suke rayuwa, in an janye shi sun tsaya. Amma hasken rana kai tsaye ba ruwa kaɗai yake kwashewa ba. Yana cin launi, yana kashe bitamin C da bitamin A, yana tafiyar da man da ke ba da ƙamshi. Abin da ba ya gushewa su ne faiba da ma'adinai irin su fotashiyam da kalsiyam, waɗannan suna nan ko yaya aka shanya. Don haka garin da aka ƙona a rana zai iya cika kwalba, amma rabin abin da ake nema a cikinsa ya tafi.

Ni a baranda nake shanya, inda iska ke ratsawa amma rana ba ta dukan kayan. Nakan ɗora tiren a kan tebur, in lulluɓe da sabon yadin gidan sauro da ba a sa masa magani ba, ko farin yadi marar kauri, saboda hunturun da ke busarwa shi ne kuma ke kawo ƙura. Wannan magana ta yadin ki riƙe ta da kyau: gidan sauron da ake rabawa a asibiti da maganin ƙwari a jikinsa, bai halatta ya kusanci abinci ba. Da yamma a shigo da kayan ɗaki saboda raɓa da ɓeraye, da safe a jujjuya a mayar. A irin wannan iska, siririn ɓawon lemo yakan bushe cikin kwana uku zuwa huɗu.

Mai obin za ta iya amfani da shi, amma wuta ƙasa-ƙasa, digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin Salsiyas, a bar ƙofar a ɗan buɗe don tururi ya sami hanyar fita. Gaggawa a nan ɓarna ce. In zafi ya yi yawa, saman yankan yakan ƙandare ya kulle ruwa a ciki, kamar ƙosan da aka jefa a man da ya yi zafi fiye da kima, waje ya soyu ciki ɗanye. Ki duba ki ga ya bushe, ki rufe a kwalba, bayan mako ki tarar da fumfuna. Akwai kuma akwatin shanya mai aiki da zafin rana, wanda kafinta zai iya haɗawa: wani ɓangare mai baƙin fenti da gilashi yana ɗumama iska, iskar ta hau ta ratsa tire-tiren da ke rufe cikin inuwa, ta fita ta sama. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta Najeriya, NSPRI, mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano, ta daɗe tana ƙera na'urorin shanya masu aiki da rana tana koyar da manoma. Duk lokacin da na bi hanyar Zariya na ga tumatir da tattasai a baje a ƙasa a wajen Kura da Kadawa, mota na watsa musu ƙura, awaki na ratsawa, sai in ji da ma a ce kowace ƙungiyar manoma tana da irin wannan na'ura. Ba laifin manomi nake gani ba, abin da ya samu da shi yake aiki. Amma mu da za mu ba yaranmu garin nan ɗanye, ba tare da an tafasa shi a miya ba, wannan hanyar ba ta karɓe mu ba.

Yadda ake gane ya bushe kuwa, ki karya. In ya ce ƙaras, ya yi. In ya lanƙwashe, da saura. Bayan haka nakan zuba shi a busasshiyar kwalba in rufe, in bar shi ya kwana biyu ina girgizawa. Muddin na ga gumi a jikin gilashin, sai ya koma tire. Wajen niƙa, ba na kai shi injin unguwa. Injin da ya niƙa barkono da safe, ya niƙa jiƙaƙƙen gero da hantsi, ba zai ba ki tsabtataccen garin lemo ba, ga zafin da yake ɗauka mai kore ƙamshi. Ƙaramin kofin blanda na busassun kaya ya wadatar, a riƙa kunnawa ana kashewa don kada ya yi zafi. In ba wuta, turmi mai tsabta wanda bai sha yaji ba. A tankaɗe da rariya mai laushi, tsakin a ajiye shi don shayi.

Rabin ƙaramin cokali na wannan gari yana sauya ƙwaɓin kek ko cincin gaba ɗaya. Ina sa shi a zoɓo bayan na sauke, tare da citta da kanumfari. Ina haɗa shi da yajin daddawa kaɗan don gasasshen kifi. Maigida kuma a shayinsa yake so, da na'ana'a. Kada a cika hannu, yana da ɗan ɗaci a ƙarshensa.

Yanzu mangwaro, wanda shi ne kowa ke tambayata a kansa, kuma shi ne ya fi ba mutane takaici. Mace za ta ga hoton garin mangwaro a Facebook, rawaya, yana zuba warwar, ta sayi Binta Suga nunanne ta yanka ta shanya, ta zuba a blanda, abu ya dunƙule ya manne a wuƙar. Ba hannunta ba ne, halin sukarin da ke cikinsa ne. Nunannen mangwaro ruwansa ya kai kashi 83 cikin 100, sukarinsa kusan 14. In ruwan ya fita, kusan kashi huɗu cikin biyar na abin da ya rage sukari ne, kuma irin sukarin 'ya'yan itace mai zuƙar danshi daga iska ne, da ya ji ɗan ɗumi sai ya yi danƙo. Masana'antun da ke yin garin da kike gani a hoto, ko dai su gauraya ruwan mangwaron da wani sitaci da aka sarrafa daga masara ko rogo mai suna maltodestirin, su fesa shi cikin iska mai zafi, ko kuma su daskarar da shi su janye ƙanƙarar da wata na'ura mai tsadar gaske. Ta hanyar farko, wani babban kaso na abin da ke cikin ledar sitaci ne. Ko a Burkina Faso, wadda ta yi fice a Afirka ta Yamma wajen fitar da busasshen mangwaro zuwa Turai daga yankunan Bobo Julaso da Banfora da Orodara, yankakke suke sayarwa. Kuma sai an yanka fiye da kilo goma na ɗanye kafin a sami kilo ɗaya busasshe.

Shawarata, nunannen mangwaro a bar shi a yankakkensa. A yanka falle-falle, kaurin milimita 3 zuwa 5, a tsoma a ruwan da aka matsa wa lemon tsami don kada ya yi duhu, a shanya har ya daina manne wa yatsa. Yara sun fi son sa a kan alewa, kuma ya fi ta amfani nesa ba kusa ba. Wanda ke zama gari da kyau shi ne ɗanyen mangwaro, saboda a lokacin sitaci ne da tsami a cikinsa, sukarin bai taso ba. Indiyawa sun daɗe da sanin haka, suna kiran garin amcur, suna sa shi a miya da wake a madadin lemon tsami. Na gwada shi a miyar taushe da faten wake da yajin tsire, ya zauna daram, tsaminsa ya fi na tsamiya sanyi. Ɓawon mangwaro kuwa ba na ba da shawararsa, musamman ga yara. Akwai wani sinadari a cikinsa da cikin ƙaron da ke fita daga hancin mangwaron, wanda ke sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburin leɓe. Ƙari a kan haka, hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi game da masu nunar da mangwaro da ayaba da sinadarin kabayid, irin wanda masu walda ke amfani da shi, kuma gubar da yake bari a kan ɓawon take fara zama.

Akwai wanda Allah ya riga ya busar mana tun a bishiya, wato 'ya'yan kuka. Ki fasa ƙoƙon ki tarar da farin gari a manne da ƙwallaye, abin da ya rage kawai a ɗan daka sama-sama a tankaɗe. Shi ne na kwalba da nono, shi ne matan Fulani ke ƙara wa nono. Bitamin C ɗinsa ya ninka na lemon zaƙi sau da dama, ga kalsiyam, ga faiba. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da shi a matsayin abinci a ƙasashenta, kuma tun daga nan yake cikin ƙananan ledoji masu tsada a kantunan Ingila da Jamus, mu kuwa a kwano ake auna mana shi. In da za a ce in zaɓi gari ɗaya tak in ajiye a gidan da ke da yara, shi zan ɗauka. Bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin gero da wake, wanda shi ke gina jini. Dabarar ita ce kada a dafa shi. A dama kunu, a bari ya huce daidai sha, sannan a zuba cokali ɗaya a juya. Ga jarirai kuma, sai bayan wata shida na shayarwa zalla.

Dabino ma yana yin gari, amma busasshen nan mai tauri da ake kawowa daga wajen Agadas da Bilma, ko namu na Dutse, ba mai laushin Saudiyya ba. A wanke, a cire ƙwallo, a duba ciki saboda ƙwari, a ƙara shanyawa har ya riƙa karyewa, sannan a daka. Ina sa shi a kunun yara maimakon farin sukari, don yana zuwa da faiba da ma'adinansa.

Sauran kuwa ba na wahalar da kaina. Ɓawon abarba nakan busar da shi gutsi-gutsi don tafasa zoɓo a lokacin da abarba ta yi tsada, amma garinsa ƙaiƙayi ne a maƙogwaro. Ɓawon ayaba yakan yi baƙi, ga bauri. Farin ɓawon kankana kusan duk ruwa ne, ki cika tire ki tashi da abin da bai cika tafi ba. Waɗannan awakina ke ci, kuma a ganina ɓawon da ya zama nama da madara bai yi asara ba. A kudu da Gana ma tokar ɓawon agada da na koko ce ake yin sabulun salo da ita. Ba dole ba ne komai ya bi ta turmi.

Akwai maganar da ba zan iya wucewa ban yi ba. Kullum sai na ga ana tallar irin waɗannan garuka a WhatsApp da sunan maganin suga, maganin hawan jini, maganin rage tumbi, har da kansa. Wannan yana ɓata mini rai, domin na san wadda ta ajiye maganin asibitinta ta koma shan gari, ta dawo a jigace. Garin ɗan itace abinci ne mai kyau, iyakarsa ke nan. Garin dabino da ake cewa ya dace da mai ciwon suga, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, kuma da yake gari ne, ya fi sauƙin a zarce da shi fiye da ƙwayar dabino da ake ƙirgawa. Mai suga ko ciwon ƙoda ya tambayi likitansa kafin ya mai da kowane irin gari abin shan kullum. Ke kuma mai niyyar sayarwa, ki rubuta abin da ke ciki da ranar da kika yi shi, ki nemi rajistar NAFDAC in kasuwar ta buɗe, ki bar wa likitoci maganar warkarwa.

Ajiya ita ce gaɓar ƙarshe, kuma damina ce abokiyar gabarta. Garin da ya yi warwar a Janairu, in aka bar shi a leda, kafin Agusta ya zama dunƙule. Kwalbar gilashi mai murfin kirki nake amfani da ita, irin ta bama, in wanke in shanya ta ta bushe sarai, in ajiye a cikin kabad inda haske ba ya kaiwa, nesa da murhu. Cokali mai laima ba ya shiga. Ɓawon lemo kuwa ba na niƙe shi duka, nakan bar shi a yankakkensa, in riƙa niƙa na wata ɗaya-ɗaya, don da zarar an niƙa ƙamshin ya fara gudu. In kika buɗe kika ji warin gumi, ko kika ga launi ya sauya, ko wani fari-fari ko kore-kore a sama, ki zubar da shi duka, kada ki kwashe saman ki ci na ƙasa. Wasu nau'o'in fumfuna suna fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Wadda ke da bishiyar mangwaro a gida ko a gona, ta fara lura daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, lokacin da iska ke kaɗo ɗanyu tun ba su nuna ba. A tsince su a ranar da suka faɗo, a ware masu rauni, a wanke, a feraye, a yanka da wuƙar da ba ta tsatsa don kada su yi baƙi. Iskar Maris da Afrilu a arewa tana da sauran bushewa, ga zafi, don haka suna saurin yi. Amma a tabbata an gama an rufe kwalba kafin hadarin farko ya fara tasowa a watan Mayu.